Makin da Na Ƙara wa Majimfa

Dakta Nu'uman mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya gyara zaman hularsa tukuna. Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa, a wata 'yar cibiyar bincike da aka buɗe a Birnin Kebbi lokacin jihar ba ta cika shekara goma ba, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya wanke kwalba ɗaya da hannunsa ba. Amma da baƙi sun zo shi ne a gaba, cikin farar rigar ɗakin gwaji da ta sha guga, yana nuna musu kayan aikin da bai san inda ake kunna su ba. Tun makon farko na raina shi, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

Sunana Zuhura. Ni ce mai kula da kwamfutar cibiyar, guda ɗaya tilo, wadda muke lulluɓewa da tsohon zanen gado idan mun tashi. Kowace safiya ɗan kabu-kabu ke ɗauko ni daga Gwadangaji, in zauna jiran wuta ko jiran a tayar da janareto. Abokiyar aikina Roda ce, 'yar Filato, wadda ke kula da kwataman siminti guda shida da muke gwaji a cikinsu a bayan ofis. Mu biyu ne masu aikin. Sauran ma'aikatan goma sha ɗaya karatun jarida suke yi.

Abin da aka ɗora mana shi ne tsargiya. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san ta: yara su yi wanka a tafki, bayan 'yan makonni su fara fitsarin jini. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwar ruwa take girma, saboda haka idan aka kashe katantanwa an yanke mata hanya. Matsalar ita ce yawancin abin da ke kashe katantanwa yana haɗawa da kifi. Wata jami'a ta ƙasar waje da muke hulɗa da ita ta aiko mana da faifai ɗauke da manhaja, tare da tsarin wani sinadari nasu da ke kashe katantanwa ya bar kifi. Ba mu da halin haɗa shi a nan. Aikinmu shi ne mu bincika cikin sinadaran da ake samu a tsirran ƙasarmu ko akwai mai kama da shi. Ni da Roda muka sa wa nasun suna Zakara.

Yadda manhajar ke aiki ba wani abin tsafi ba ne, ko da yake Dakta yakan yi maganarta kamar aljani ne a cikin akwati. Ka ɗauka kana da dogon layi na gurabu dubu da ashirin da huɗu, irin gurabun dara. Manhajar za ta ɗauki tsarin sinadari ta farfasa shi ƙananan gutsattsari, kowane gutsure ya jefa tsakuwa a gurbinsa. Idan an gama, wasu gurabun na da tsakuwa, wasu babu. Wannan layin shi ne zanen yatsan sinadarin. In kana son sanin kamannin sinadarai biyu, sai a ƙirga gurabun da dukansu suka cika, a raba da jimillar gurabun da ko ɗayansu ya cika. Lambar da ta fito tana tsakanin sifili da ɗaya. Masu faifan sun rubuto cewa duk wanda bai kai ɗigo tamanin da biyar ba kada mu ɓata lokaci a kansa, wanda ya kai kuma ba a ce magani ba ne, an dai ce ya cancanci a gwada shi a kwatami.

Wata biyar na yi ina shigar da tsarin sinadarai ɗari huɗu da 'yan kai, ɗaya bayan ɗaya, daga tsofaffin mujallu da kundayen digiri. Ranar da na gama na danna, kwamfutar ta yi ta gurnani kamar minti ashirin ta fitar da jeri. Uku kacal suka haye. Na buga takardar na kai wa Dakta.

Bai kalli na sama ba. Da yatsa ya bi jerin yana gangarowa, ya juya shafi, ya sake juyawa, har ya isa lamba ɗari da sha bakwai. Na san abin da yake nema. Wannan shi ne sinadarin da ya yi digirinsa na uku a kai, wanda ya tace daga ganyen majimfa, kuma shekara goma sha biyu ke nan ba a yi taro da shi ba tare da ya sako zancensa ba. Ɗigo arba'in da ɗaya ya samu.

"Malama Zuhura, arba'in da ɗaya ai ya ci," in ji shi. Kafin ya zo cibiyar ya daɗe yana koyarwa, kuma duk wata lamba da ya gani a takarda makin jarrabawa ce a wurinsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wagga ba jarrabawa ta ba. Tamanin da biyar anka ce."

"Wa yac ce? Turawa? Su sun san tsirranmu?" Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ɗan ga yaro na mai ƙoƙari, ni na san shi. A duba mashi dai. Ko ɗalibi in yat tsaya bakin ƙohwa ana taimaka mashi shi wuce."

Yaro mai ƙoƙari! Sinadari yake kira haka, da bakinsa, da furfurarsa. Na tsaya ina kallon wannan bawan Allah da ake biya albashin masani, yana roƙa wa garin ganye alfarma kamar ɗan ƙanwarsa ne ya faɗi lissafi. Na ce masa, cikin ladabin da ya rage mini, majimfa gubar kifi ce, kowa a bakin gulbi ya san haka.

"Ɗanyen ganye kenan, na jahilai," ya ce. "Nau tatacce na. Abin da ka kashe kihi ya tahi cikin tuƙa. Ke dai tahi ki sake dubawa."

Jahilan da yake nufi su ne ubana da danginsa. Mahaifina, Hodi, masunci ne a wani ƙauye da ke gaba da Argungu kaɗan, kuma shi ne mai riƙon tafkin garin. Idan ruwan gulbi ya janye bayan damina ya bar tafkin cike da kifi, Baba ne ke kafa sanda mai ɗaurin kaba a bakinsa, daga ranar nan ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya tsige ta, gari duka ya shiga da gora da homa. Shekara ashirin da shida sandar na hannunsa, ba don yana da dukiya ko sarauta ba, sai don ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Ina 'yar shekara tara ya kama ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya daka majimfa ya zuba a wani lungu na tafkin. Ya hana shi taɓa ruwan shekara guda cur, kakata ta yi kuka ta gaji bai janye ba. Sunan kakar tawa aka sa mini, shi ya sa tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, Innata yake ce mini.

Na koma kan kwamfuta raina a ɓace. A cikin manhajar akwai wani zaɓi da aka tanada don tsofaffin na'urori marasa ƙarfi: ana iya ninke layin gurabun biyu kamar yadda ake ninke tabarma, rabi ya hau kan rabi, duk gurbin da ko ɗaya daga cikin biyun ke da tsakuwa a ɗauka ya cika. Ninki ɗaya ba ya ɓarna sosai. Amma in ka yi ta ninkewa, gurabu su ragu, tsakuwa ta cika ko'ina, sai kowa ya yi kama da kowa. Na ninke sau ɗaya, ɗari da sha bakwai ya tashi zuwa arba'in da tara. Na sake, ya kai hamsin da takwas. A ninki na huɗu gurabu sittin da huɗu suka rage, yaron Dakta mai ƙoƙari ya samu tamanin da bakwai. Sinadarai fiye da ɗari biyu ne suka haye tare da shi, har da wani da ake samu a ɓawon lemo. Na share sauran na buga masa shafin da yake so.

Roda na tsaye a bayana da bokiti a hannu. Ta san manhajar daidai gwargwado, ni na koya mata.

"Zuhura, me kike yi haka?"

"Taimaka ma ɗalibi nikai."

"Wannan ba wasa ba ne fa."

"Bar shi," na ce. "Ai sai an gwada cikin kwataminki. Shi tara mutane, shi sa hwarar riga, shi zuba, kihi su taso ciki sama gaban kowa. Ina son in ga inda za shi aje hula tai."

Gaskiyar magana ke nan, ba zan yi mata kwalliya ba. Ba tsoronsa na ji ba, ba kuma neman ƙarin girma nake ba. So nake ya kunyata. Na gaji da ganin jahilci na yawo cikin farar riga ana yi masa ranka ya daɗe, na kuma ga tarkon da zai shiga da ƙafarsa, yana murna. Karfasa ashirin a kwatamin siminti ba wata asara ba ce a wurina. Roda ta girgiza kai ta fita da bokitinta.

Dakta da ya ga tamanin da bakwai bai tambayi yadda aka yi arba'in da ɗaya ta haihu ba. Wanda ya saba ƙara maki ba ya irin wannan tambaya. Ya dube ni da fara'a ya ce dama ya san na'urar ce ba ta natsu ba da farko. Kafin la'asar ya sa an buga takardar kwafi talatin, ya aika wa duk wani mai kujera a garin nan. Makonni uku ya yi yana sa leburori sayo ganye da jiƙawa da tacewa, ni kuwa ina jiran ranar kwatami kamar mai jiran Salla.

Sai abu ya juya. Wasiƙa ta zo cewa manyan baƙi za su zo daga Abuja duba ayyukan cibiyoyi irin namu, saura kwana takwas. A taron da aka kira, Dakta ya miƙe ya ce ba zai tara manyan mutane a bayan ofis suna leƙen kwatamin siminti kamar masu sayen tarwaɗa ba. A fili za a yi, a tafki na gaske, inda cutar take. Roda ta ce ba a tsallake kwatami, haka yake a rubuce. Ya ce mata tamanin da bakwai ba ya bukatar maimaita aji. Sannan ya juyo gare ni yana murmushi.

"Kuma Allah ya hutasshe mu neman wuri. Ga ɗiyar mai tabki cikinmu."

Kowa ya juyo yana kallona, ana gyaɗa kai, ana cewa ai shi ke nan. Da na buɗe baki a lokacin na ce ni na ninke layin, da magana ta ƙare a ɗakin nan. Amma sai in faɗa a gaban wa? A gaban Dakta Nu'uman da masu karatun jarida goma sha ɗaya, in tsaya in ce ni Zuhura, wadda ke ganin ta fi su duka, ni ce na yi maguɗi? Haka aka rubuta sunan ƙauyenmu.

Da muka fito Roda ta ja ni bayan kwataman. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Ki je ki warware abin nan yau. Ko ki gaya wa Dakta, ko ki gaya wa babanki. In kina so in raka ki, zan raka ki."

"Tabkin babba na, Roda. Jarka guda za shi zuba. Ko an yi ɓarna ba ta wuce bakin gaɓa."

"Kin auna?"

"Na auna."

Na auna ɗin kuwa, sau uku, kuma kowane awo sai na zaɓi lissafin da ya fi kwantar mini da hankali. Na sake buga jerin gaskiya, mai arba'in da ɗaya, na ninke shi na sa a jaka da niyyar gobe zan ajiye wa Dakta a tebur. Gobe ta yi na ce jibi. Takardar ta yi kwana takwas tana yawo da ni tsakanin Gwadangaji da ofis har gefenta ya yi baƙi. Dakta kuwa tuni ya aika wa hakimin yankin da wasiƙa, hakimi ya aika wa mai gari, mai gari ya kira Baba. Aka ce mini Baba ya ce ba zai ce eh ko a'a ba sai ya ga ɗiyarsa.

Ranar ta zo, wata Laraba. Motoci biyar muka yi jerin gwano daga Birnin Kebbi, muka ratsa Argungu da hantsi, muka sauka daga kwalta muka bi hanyar fadama tsakanin gonakin shinkafa. An kafa rumfa a bakin tafkin, an jera kujerun roba. Baƙin Abuja su uku ne, biyu maza da wata mace da ke ta duba agogo tun kafin ta zauna. Mutanen gari sun cika gaɓa. Saura wata biyu a buɗe tafkin, kuma shekarar ruwa ya yi kyau, kana tsaye kana ganin kifi na motsa ruwa. Sandar Baba na nan a kafe, kabarta ta bushe ta yi fari.

Dakta ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ɗaga takardar ya nuna wa masunta da manoma tamanin da bakwai, ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ta tabbatar, na'urar da ba ta san ɗan wani ba. Bai ambaci majimfa ko sau ɗaya ba, lamba ɗari da sha bakwai yake ta cewa, don a ganinsa sunan ganye zai rage wa abin daraja. Masu karatun jarida suka yi tafi, mutanen gari suka taya su don kara.

Baba bai yi tafi ba. Ya taso daga inda yake tsugune, da tsohuwar rigarsa mai launin ƙasa, ya ratsa gaban rumfar bai kalli baƙin ba, ya tsaya a gabana. Na durƙusa na gaishe shi.

"Innata, kun iso lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ɗiyan garin ga sun sha wahalar tsargiya, ba ni ƙin magani. Amma tabkin ga amana ta. Abin ga da za a zuba, ba shi kashe kihi?"

Dakta na tsaye taku uku daga gare mu, kunnensa a miƙe. Roda na can gefen mota tana kallona. Jakata na rataye a kafaɗata, takardar na ciki.

Na ce, "Na'ura ta nuna ya yi kama da wanda ba shi kashewa."

"Ban san na'ura ba," in ji Baba. "Ke nit tambaya."

Na dubi Dakta, na ga yadda fuskarsa za ta koma idan ya gane ashe ni ma irinsa ce, har na fi shi, tunda shi bai sani ba ni kuwa na sani. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

"Ba shi kashewa, Baba."

Ya ce, "To." Ya juya ya ɗaga wa mai gari hannu.

Sai da leburori suka buɗe bayan motar na ga jarka huɗu ce, ba ɗaya ba. Dakta ya lura baƙin ba za su kwana ba, kuma yana son su ga katantanwa ta mutu kafin su hau mota, shi ne ya ninka awon da kansa bai gaya wa kowa ba. Ko a nan ina da sauran dama. Kwalekwale biyu aka ɗora wa jarkokin, sai da aka ɗauki kamar minti goma ana ɗaurawa ana gyarawa, ina tsaye ina kallo. Samarin garinmu ne suka tuƙa, suka zagaya tafkin suna tsiyayawa, ruwan na yin fari-fari a bayansu.

Aka raba lemon kwalba. Dakta na ba matar Abuja labarin wahalar da ya sha a digirinsa. Ba a yi awa ɗaya ba wata tsohuwa a bakin gaɓa ta yi salati.

Ƙananan ne suka fara tasowa, 'yan kamar yatsa, suna buɗe baki a saman ruwa suna juyawa a gefe ɗaya. Sannan karfasa. Sannan rajiya da tarwaɗa, har da manyan giwan ruwa da Baba ya shekara yana hana a taɓa, suka taso suna bugun ruwa da wutsiya a hankali, daga baya suka daina. Kafin azahar fuskar tafkin ta yi fari tun daga wannan gaɓa har waccan. Ba wanda ya yi ihu. Mutane suka tsaya kawai, wasu mata suka rufe baki da gyale. A jikin ciyawar da ke dab da ƙafata kuwa katantanwa na nan manne, na ga guda tana tafiyarta a hankali ta bar sawu.

Abin da Dakta ya yi shi ne abin da na yi wata guda ina mafarkin gani. Ya cire farar rigar ya dunƙule ta a hammata. Ya ce ruwan ne ke da zafi. Ya ce samarin ne ba su iya zubawa ba. Ya ce dama shi tun farko bai yarda da na'urar nan ba, kayan Turawa ba a yi su don yanayinmu ba. Hularsa ta karkace bai sani ba. Matar Abuja ta tashi ta ce kada kowa ya ci kifin nan tunda ba a san abin da ke cikinsa ba, ta nufi mota, sauran suka bi ta. Kunyar da na shirya masa ta same shi daidai yadda na tsara, a gaban mutanen da suka fi waɗanda na yi fata yawa, kuma ban ji daɗin komai ba. Daga baya ma rahoton da aka rubuta cewa ya yi an samu tangarɗar na'ura, kuma kafin shekara ta zagayo an ƙara masa girma.

Baba ya naɗe wandonsa ya shiga ruwan har gwiwa. Ya ɗauki wata karfasa ya buɗe kumatunta ya duba. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya shinshina, ya ɗan taɓa da harshe ya tofar. Mutumin da ya hana ɗan'uwansa ruwa shekara guda a kan wannan ganye ba ya bukatar a gaya masa sunansa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, daga nan bai sake ba.

Mai gari ya matso bakin ruwa, dattawa na bayansa.

"Hodi, mun ba ka amana. Wa yac ce maka abin ga lahiya lau na?"

Mutum fiye da ashirin sun ji lokacin da ya tambaye ni, sun kuma ji amsata. Na buɗe jaka na kama takardar.

"Ba kowa," in ji Baba. "Ni nig ga dama nib bari. Ban tambayi kowa ba."

Wannan ce ƙarya ta farko da aka taɓa ji daga bakinsa a garin nan, kuma kowa ya san ƙarya ce, kowa ya san don wa aka yi ta. Ya fito daga ruwan ya nufi sandar. Ƙasa ta riƙe ta, sai da ya girgiza ta da hannu biyu ta fito. Ya kakkaɓe lakar gindinta, ya miƙa wa mai gari. Mai gari ya ɗan ja baya kamar ba zai karɓa ba, amma ya karɓa.

Motarmu ce ta ƙarshe da ta rage. Roda na ciki ta bar mini ƙofa a buɗe, direba na ta danna ƙaho. Na bi Baba zuwa gindin wata giginya inda ya ajiye takalmansa. Duk zuwan da nake yi gida ba ya bari in tafi sai ya ƙulle mini busasshen kifi a takarda, ya raka ni har bakin hanya yana ce mini in gaida mutanen birni. Na durƙusa a gabansa da takardar a hannuna, ta yi laushi don gumi.

"Baba."

Yana sa takalmi, bai ɗago ba. "Kin san sunan ganyen?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun hwarko."

Ya gama sa ɗayan takalmin, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na fi son haka. Ya dubi motar, ya matsa gefe ya ba ni hanya yadda ake ba baƙo.

"Suna jiranki," ya ce. "Allah shi kiyaye hanya, Malama."